Inna ta ce da Ummi za ta koma gida, ina neman shawararku

Maman Ummi, Agege

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Kwana uku ke nan barci ya ƙaurace wa idona, kuma ba magana ce da zan kira mahaifiyata in kai mata ba, don na san amsarta tun kafin ta buɗe baki: ki yi haƙuri. Haƙurin ina kan yi. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali nake so ya faɗa mini yadda ya fita.

Ni da maigidan duk 'yan Malumfashi ne, shekararmu takwas a Legas. Yana harkar shanu a Abbatuwa ta Oko-Oba, muna zaune a ɗaki da falo a wani gidan haya nan Agege. Iyali goma sha biyu ne a gidan, mu kaɗai ne Hausawa. Yaranmu uku: Ummi mai shekara 6, ita ce mai sunan Inna, sai Abba mai shekara 4, sai jaririn da nake goyo, watansa huɗu.

Sati uku da suka wuce Inna ta zo, mahaifiyar maigidan. Zuwanta na farko ke nan, ita har yau Ikko take ce wa garin. Ƙanin maigidan ne ya rako ta, suka kwana a hanya cikin babbar mota, ta sauka ƙafafu sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Amma ba ta yarda ta huta ba sai da aka kwance kaya: garin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, tsamiya, gero tiya uku, man shanu, yaji, ƙuli-ƙuli. Can ƙasan jakarta ta zaro wani ƙulli daban, dakuwa ce da ɗan zanen atamfa da ta sa aka yanka daidai tsayin yarinya. Ta ware hannu biyu ta ce, "Ina takwarar tawa? Zo nan in gan ki."

Ummi ta je ta durƙusa ta ce "ina wuni", kamar yadda na yi sati ina koya mata. Inna ta rungume ta, ta shiga jero mata tambayoyi: ashe an yi girma haka, ana zuwa makaranta, wace sura kike, kin san ni kuwa? Yarinyar ta yi tsuru-tsuru, ta juyo ta tambaye ni da Turanci me ake ce mata. Ina kallon hannuwan Inna lokacin da suka sauka a hankali a kan gwiwarta. Ta daure ta juya wurin Abba ta ce, "To kai mijin nawa, ina kuɗin cefane?" Ya ruga ya ɓuya a bayana.

Wallahi ban san ranar da abin ya kai haka ba. Makarantar boko daga bakwai da rabi zuwa uku, Turanci zalla. Tsakar gida Yarabanci da buroka. Islamiyyar da suke zuwa malamin Bayarabe ne, mutumin kirki, amma da Turanci yake musu bayani. Babansu yana fita tun gari bai waye ba, sai bayan isha'i yake dawowa. Ni kuma da malamar ajin Ummi ta ce a riƙa yi musu Turanci a gida don karatu ya zauna, sai na bi, ina ganin gata nake musu. Suna jin zo, tafi, ci, bari, kawo. Iyakarta ke nan.

Inna ba ta ɗaga mini murya a kai ba, da ma ba halinta ba ne. Ita da ni da yaran muke kwana a ɗaki, maigidan yana falo. Da safe ta karɓi jaririn ta goya. Sauran yinin tana kan tabarma a bakin ƙofa da carbinta, tana kallon ruwan nan na Legas da ba ya ɗaukewa, maƙwabta su gaishe ta da Yarabanci ta ɗaga musu hannu. Ranar nan na ji ta tana yi wa jaririn magana ƙasa-ƙasa: "Kai ma haka za ka tashi ba ka san ni ba?" Sai da na zagaya bayan gida na yi kukana.

Daren Juma'a ta kira ɗanta ta ce idan za ta koma, da takwararta za ta tafi. Ta yi shekara biyu ko uku a hannunta, bakinta ya buɗe, ta yi allo, ta san danginta. Ya ce, "To, Inna." Sai da safe ya faɗa mini. Shi a wurinsa ba baƙon abu ba ne, kakarsa ce ta yaye shi, a ɗakinta ya zauna har ya shekara bakwai. Ni kuma Ummi 'yar fari ce, kun san yadda take, ko sunanta ba na kama wa a gaban Inna, balle in buɗe baki in ce ban yarda ba.

Abin da ke cina a rai: Ummi tana da asma, abin shaƙarta kullum yana cikin jakar makaranta. Inna ta kai saba'in, ga ciwon gwiwa, ga ido ya fara rauni. Ga karatun yarinya da ya fara kankama, ga halin da hanya take ciki. Sannan gaskiyar da ba zan ɓoye muku ba, ba na son rabuwa da 'yata. Amma kuma idan na dubi tsohuwar nan sai in ga ba ta faɗi ƙarya ba, jikarta ce, mai sunanta, kuma ba sa iya hirar minti biyu.

Akwai wata ƙarama kuma. Sau biyu na same ta tana ɗiga wa jaririn ruwan rubutu da cokali, ta ce zafin garin nan ya yi masa yawa, kuma ta zo masa da zuma. A wurin awo an ce nono zalla har wata shida. Ta yaya zan yi duk wannan ba tare da na ɓata wa uwar mijina rai ba?

Hajiya, Idi-Araba

Wa'alaikumus salam 'yata. Na karanta har ƙarshe, kuma ni ta gefen Inna nake zaune, don jikokina goma sha ɗaya ne, huɗu daga ciki sai da tafinta muka fara.

Bari in faɗa miki abin da ke zuciyar tsohuwa. A gidanta ita ce ake gaisarwa da safe, ita ake tambaya gishiri ya ji ko bai ji ba, ita ke raba faɗan yara. Kin kawo ta inda ba ta da aikin yi, ba ta da abokin hira, ba ta ma iya cinikin albasa da kanta. Abu ɗaya da ta yi tafiyar kwana a mota dominsa shi ne yaran nan, su kuma suka dube ta kamar baƙuwa. Da ta ce a ba ta Ummi, ba ƙwace take nufi ba. Tsoro take ji kada ta mutu mai sunanta ba ta san ta ba.

Don haka kada ki ce mata a'a da bakinki, kuma kada maigidanki ya je ya ce "ta ce". Wannan kalmar in ta shiga tsakanin suruka da matar ɗa, shekara ashirin ba ta fita.

Abin da za ki yi tun gobe, ki daina tsayawa a tsakaninsu. Na tabbata duk lokacin da Inna ta yi magana ke ce mai fassarawa, yarinyar ma fuskarki take kallo, ba ta kakarta ba. Ki ɗauki jaririnki ki tafi kasuwa, ki bar mata manyan biyu awa biyu, awa uku. Za su yi kuka ranar farko, ba komai. Yunwa za ta koya wa Abba cewa "Inna, ƙara mini". Ki bar mata wankansu, ki bar mata kitson Ummi, ki ajiye mata geron nan ta dama musu kunu da hannunta. Ki roƙe ta, ki ce, "Inna, ni na kasa, ki taimake ni ki buɗe musu baki kafin ki tafi." Tsohuwar da aka roƙa ta gyara abu ba ta zama a bakin ƙofa.

Sannan ki fitar da ita. Kina Agege fa, Zango yana kusa da ke. Ki kai ta gidan suna, ki kai ta ta'aziyya, ta zauna cikin tsofaffi 'yan'uwanta su ci goro, ta ga yaran da aka haifa a nan suna zuba Hausa. Gani ya kori ji. Ita yanzu a tunaninta duk yaron da ya tashi a Ikko ya tafi ke nan.

Baban Khalifa, Mile 12

Malama, ni namiji ne, a gafarce ni da na sa baki, amma na yi abin da ake tambaya a kai. Ina sayar da tumatir da attaruhu a Mile 12 shekara goma sha tara. Babban ɗana yana shekara 7 mahaifiyata ta nemi a ba ta shi, na ɗauke shi da kaina na kai Gaya. Yau shekararsa 15, ya sauke Alƙur'ani, ya san gonar gidanmu iyaka da iyaka, duk dangi sun san shi. Ƙannensa da ke nan babu wanda ya kama ƙafarsa a ladabi. Kuɗin makarantar da na huta da shi ma ba kaɗan ba ne, kowa ya san abin da haya da makaranta ke ci a garin nan.

Amma zan faɗi ɗaya gefen tsakani da Allah. Idan na je gida ya durƙusa ya gaishe ni, sai ya tashi ya fita. Matsalarsa ƙanina yake kai wa. Mahaifiyarsa kuwa ta yi shekara tana kuka a ɓoye, ban sani ba sai daga baya, don ban tambaye ta ba kafin in yanke. Wannan kuskurena ne.

Ni dai ina ganin riƙon kaka alheri ne, da shi aka rene mu. Sai dai yaron da ke da larura daban ne, kuma mace ba kamar namiji ba. "To, Inna" da maigidanki ya ce kada ta tayar miki da hankali, babu ɗan kirkin da zai ce wa uwarsa wani abu ban da haka a zaman farko. Ki same shi lokacin da ya ci ya ƙoshi, ki yi masa maganar ƙirjin yarinyar kawai, ki bar sauran. Shi ya san ta inda zai shiga wa mahaifiyarsa. Kuma ki gaya masa wani ɗan'uwansa ya ce mu iyaye maza muna da kaso babba a wannan laifin. Mu wuni a kasuwa muna Hausa da abokai, mu dawo yara sun yi barci.

'Yar Zango, Agege

Baban Khalifa, Allah ya raya Khalifa, amma ban yarda sai an raba yaro da uwarsa zai iya yaren gidansu ba. Ni a nan Agege aka haife ni, a nan aka haifi babana. Kakanmu fataucin goro ya kawo shi, a jirgin ƙasa yake loda huhunan goro zuwa Kano, ya yi gida a Zango ya zauna. Ban taɓa yin wata biyu a jere a Arewa ba, ga shi da Hausa nake rubuta muku. Ina jin Yarabanci kamar Bayarabiya, da Turanci na yi karatu, babu wanda ya ture wani.

Sirrin gidanmu doka ɗaya ce. Da ka tsallako ƙofa, Hausa. Ka yi wa mamanmu magana da wani yare, za ta ci gaba da tankaɗenta kamar ba ta ji ba, sai ka nemo kalmar ko ka tambaya. Babu duka, babu tsawa, babu dariya in ka karya. Wannan na ƙarshen ki riƙe shi da kyau, Maman Ummi. Yaranmu da yawa sun rufe baki ne saboda sun je gida hutu an taru ana kwaikwayon maganarsu ana ce musu 'yan Kurmi. Ki roƙi Inna da 'yan gida kada su yi mata haka.

Shawarar malamar ajin nan kuma ba daidai ba ce. Turanci ba zai tsere wa Ummi ba, awa bakwai take cikinsa kullum, ga talabijin, ga waya. Yarabawan da muke cikinsu ma sun farga da nasu: tun 2018 Jihar Legas ta yi dokar da ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantu, saboda sun ga 'ya'yansu na neman sakin yarensu a cikin garinsu. Mu da ba garinmu ba, babu dokar da za ta yi mana, sai ɗakunanmu.

Shekara shida ba a makara ba ko kaɗan. Tunda tana jin zo da tafi, Hausar tana ciki, kwance take. Ki fara da abin da hannu ke taɓawa: ludayi, muciya, tsintsiya, buta. Ki kunna musu Arewa24 ko rediyon Hausa lokacin da kike girki. In Inna ta koma, ki sa wani yaro a gidan ya riƙa ɗaukar muryarta ta WhatsApp yana turo muku, ko da gaisuwa ce da waƙar reno, su ma su mayar mata. Kuma ki canza musu Islamiyya, akwai na Hausawa da yawa ta wajenmu.

Anti Nas, Mushin

Ƙanwata, ni maganar lafiya zan taɓa. Asma tukuna. Ƙurar hunturu da hayaƙin itace suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da ita, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu kin san yadda Katsina take. Ba wai Legas ta kuɓuta ba ce, hayaƙin janareta da danshin ɗaki su ma suna tayarwa. Bambancin shi ne a nan ke kin san alamun, kin san yadda ake ba ta abin shaƙa, kin san asibitin da za ki ruga cikin dare. Duk wanda zai riƙe ta dole ya iya waɗannan, kuma dole yarinyar ta iya ce masa ƙirjina ya toshe da yaren da zai gane. A yanzu ba ta iya ba. Wannan hujja ce ta gaskiya, ba dabara ba, kuma Inna za ta fahimce ta.

Jaririn kuma, abin da aka faɗa miki a wurin awo haka yake, shi ne matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya: nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a ba shi. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, in zafi ya yi sai ki ƙara sa shi a nono. Ruwa yana cika masa ɗan cikinsa ya rage tsotso, kuma ta nan gudawa ke shiga. Zuma ta fi ba ni tsoro. Ba a ba yaro zuma sai ya cika shekara, don takan ɗauki wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙa ba, dafinta yana sa jiki ya saki har numfashi ya gagara.

Ba sai kin hana Inna addu'arta ba. Ki ce mata ke za ki riƙa shan rubutun da zumar tunda ke ce mai shayarwa, shi kuma ta yi masa tofi ta shafa masa a ka. Tsofaffi da yawa da na gani a wurin aiki sun karɓi wannan da daɗin rai.

Maman Ummi, Agege

Allah ya saka muku da alheri, Hajiya, Anti, Yaya ta Zango, Baban Khalifa. Na yi shiru kwana tara ne don in ga abin da zai faru kafin in dawo.

Hajiya, na faɗa wa Inna kalmar da kika ba ni, cewa na kasa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ba ki kasa ba, garin ne." Washegari Asabar na goya jaririn na tafi kasuwa, na yi ta zagaye da gangan har awa uku. Da na dawo na tarar Abba ya yi kuka ya gaji ya yi barci a cinyarta, Ummi kuma na zaune a gabanta da ɗan zanen nan a ƙugu, an tsefe mata rabin kai. Inna ta ɗaga abu ta ce mene ne wannan, ta ce ludayi. Ta ɗaga wani, ta ce mataji.

Daren Talata aka ɗauke wuta, babu mai a janareta, wayoyi duk sun mutu. Muna kwance cikin duhu, ruwa na dukan kwano, sai Inna ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Shiru. Ni kunya ta hana ni amsawa. Can daga falo muka ji muryar babansu, "Ta zo mu ji ta." Ta yi musu ta Gizo da Ƙoƙi, rabi ba su gane ba, amma duk inda ta canza murya sai su ƙyalƙyale. Daren Laraba da wutar da komai Ummi ta kashe fitila da kanta ta ce, "Inna, ga ta nan."

Rubutun ni nake sha yanzu, zumar ma ta miƙo mini kwalbar gaba ɗaya.

Maigidan ya yi mata maganar asmar, ya nuna mata abin shaƙar da yadda ake amfani da shi. Ya ce in an yi dogon hutu ƙarshen Yuli zai kai mu gida gaba ɗaya, mu zauna har Satumba. Ba ta ce ta janye ba. Cewa ta yi, "Allah ya kai mu, in kun zo ma gani." Don haka zuciyata ba ta gama kwanciya ba, na san maganar za ta sake tasowa a Malumfashi, a gaban dangi, inda bakina zai fi nauyi. Ta dai ƙara kwana goma a kan ranar da ta sa, ta ce sai ta ga an kammala wa takwararta Fatiha da bakin gida.

Yaya ta Zango, don Allah wace Islamiyya kike nufi? Ina son wadda ake tashi kafin magariba, kuma wadda za mu iya zuwa da ƙafa ba sai mun tsallaka titin jirgi ba, don Inna ta ce ita za ta riƙa raka su kafin ta tafi.